Malam Haladu ba kwastomana ba ne

Yau da safe ina buɗe shago aka bugo min waya daga unguwar Awendjé: Malam Haladu ya rasu bayan sallar asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa yana raye. Ban faɗa ba.

Kun sha jin ina cewa ni na koya wa kaina Turanci. Ba gaskiya ba ne. Shagon kayan mota ni na kafa shi da gumina, Faransanci a bakin direbobin taksi na tsince shi. Amma Turancin da nake ciniki da shi a Dubai ba tafinta, na Malam ne. Tsohon ticha ne daga Zariya, zama ya kawo shi nan Libreville.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: kada ma'aikatana su sani. Sai ya samo wata matacciyar altaneta ta injin mota ya sa a buhu. Duk Talata zai sauko daga taksi a Lalala, unguwar da shagona yake, da buhunsa, ya ce wa yaran shago, "Patron ɗinku yana ciki? Na kawo a duba min." Mu shige ofis mu rufe ƙofa.

Shekara uku yana ɗaukar ƙarfen nan, da ciwon bayansa.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne "I like driving" da "I like to drive". Na ce ya faɗa min wanne ne daidai in riƙe, ba ni da lokaci. Ya ce, "Duka daidai ne, Alhaji. Na farko ya fi nuna kana jin daɗin abin, na biyu ya fi nuna haka ka saba yi. Amma in ka ce enjoy, to sai driving kawai." Na ce Turawa ba su da aikin yi. Ya yi dariya har da tari, ya ce in rubuto jimla goma.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, bayan Juma'a, mun fake wa ruwa a barandar masallaci. Ina tare da wani baƙo daga Kano. Baƙon ya tambayi wane ne wannan dattijon.

Na ce, "Kwastomana ne."

Malam ya miƙa masa hannu ya ce, "Tsohon kwastoma. Har yau dai bai gyara min altanetata ba."

Muka yi dariya. Ni kaɗai na san abin da na yi.

Don haka ga shi na rubuta inda kowa zai gani, har da ma'aikatana: Malam Haladu malamina ne. Ni ɗalibinsa ne.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa malamina addu'a.