Akwatunan Malam Halilu Suna Ɗakina

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha bakwai ga Sha'aban, a wannan shekara da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Allah Ya karɓi ran Malam Halilu Lakwaya bayan jinyar kwana tara a Gwarzo. Ni Nata'ala, maƙwabcinsa, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne, 'yarsa Badi'a tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Malam, ina nan ranar da aka raɗa maka suna. Ina nan ranar da ka tafi Indiya karatun addinai da tarihin mutanen gabas, tsohuwarka tana kuka wai za ka dawo da bautar saniya. Ka dawo bayan shekara takwas, kana sahun farko a masallaci kamar yadda ka bar shi. Masu shayi suna tsokanarka: "Malam na Indiya, da gaske ne a can ko kasuwa za a je sai an yi rawa?" Sai ka ce rawar da ka gani ba ta kai ta 'yan Kara ranar biki ba.

Kana dakta a jami'a, amma kakan tuɓe takalmi ka zauna a tabarmata, ka ce in lissafa maka sunayen rijiyoyin garin nan da waɗanda suka haƙa su. Ka ce a Indiya ma akwai tsofaffi irina masu riƙe asalin mutane a ka, kuma ana girmama su. Kafin kai, mai surutu ake ce mini. Da yanar ido ta rufe ni, kai ka kai ni Kano, ka tsaya har aka kwance bandejin.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, ka bar aikin ka dawo gona. Ba ka dawo da mota ba, sai akwatunan ƙarfe goma sha ɗaya cike da littattafai. Ɗakinka yana yoyo, ka ajiye su a nawa. Na ɗora su kan duwatsu, ina zagaye su da toka saboda gara.

To Malam, ga abin da ya hana ni cin abinci. Washegarin sadakar uku ƙaninka Ƙasim ya shigo da mutum biyu. Ba mugu ba ne, idonsa ja da kuka. Ya ce, "Baba, gari ya ɗauka cewa akwai hotunan gumaka a ciki. Ina tsoron a kama Yaya da su a kabari. Mu ware na rubutun Larabci, sauran mu ƙone kafin azumi."

Na ce, "Ƙasimu, ka iya karanta su?"

Ya ce, "Kai fa, Baba?"

Gaskiya ya faɗa, ban iya ba. Amma wata rana bayan la'asar ka buɗe mini akwatunan. Ka ɗauko wani mai baƙaƙen Larabci tsaf, na sa hannu biyu zan karɓa, ka yi dariya ka ce labaran allolin Hindu ne da harshen Farisa. Sannan ka nuna mini uku masu baƙon rubutu, ka ce fassarar Littafin Allah ce da harsunan mutanen can, har Musulmin Sin. Na riƙe ɗaya a ka, kore mai yagaggen baya. Na riƙe baƙi mai kauri wanda ruwa ya taɓa. Na ukun, Malam, na manta shi.

Ni da ake aikowa daga Kabo a tambaye ni iyakar gonar da aka raba tun kafin zuwan Bature. Na zazzage kaina, babu. Tsorona shi ne za a iya jefa maganar Allah a wuta daga ɗakina, da niyyar neman lada. Ina kuma tsoron in hana ƙona su da na yi kuskure ne, in ƙara maka nauyi inda kake. Shekaruna sun haura tamanin, ban san ko zan ga Sallah ba.

Don haka na ce a rubuta, kowa ya ji: na manta, ban ɓoye ba. Tunda ban san wanne ne ba, ko takarda ɗaya ba za ta bar ɗakin nan ba sai wanda ya iya karatunsu ya zo. Ɗalibansa, in wannan ya riske ku, ku taho Lakwaya kafin a ga wata. Na ja tabarmata bakin ƙofar, a kanta nake wuni.

Ina yi wa Hajiya Gwamma maiɗakinsa ta'aziyya, da Badi'a, da kai Ƙasimu, domin tsoronmu iri ɗaya ne. Allah Ya jiƙan Malam Halilu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa karatunsa ya zama hujja gare shi. Ni kuma Ya tuna mini na ukun kafin Ya kira ni. Amin.