Gyaran da Sikeli Ya Ƙi Karɓa

Shekarun baya, lokacin da ciwon gwiwa ya zaunar da mahaifiyata a gida, wani abu ya faru da ni wanda har yanzu in na tuna sai in yi murmushi ni kaɗai. Bari in ba ku shi a hankali, tunda ba sauri muke yi ba.

Mahaifiyata turaren wuta take haɗawa tun ina yaro. A gidanmu na Ƙofar Guga, ranar da ta ɗora tukunya, har mai wucewa ta lungu ya san yau ana aiki. Da can da ƙafarta take ciniki. Ta zuba a kwalabe, ta jera a jaka, ta bi gidajen biki da na suna tun daga unguwarmu har Gobarau. Da gwiwa ta hana ta fita sai masu saye suka yi ta raguwa, kwalabe suka fara taruwa a ƙarƙashin gado. Wata rana na ji tana ce wa matata in waɗannan suka ƙare za ta kife tukunyar ta huta. Na san wannan ba hutu ba ne. Matar da ta yi rayuwarta tsakanin itacen sandal da kajiji, in aka raba ta da su, zaman jiran lokaci kawai za ta yi.

Na kai kukana wurin abokina, mai shagon takalma a Ƙofar 'Yandaka. Shi ya daɗe yana sayar da kaya a wata babbar kasuwa ta intanet.

Ya ce, "Malam, abin ba wuya. Kai dai ka tura masu kaya sitonsu na Legas. Su za su ajiye. In an saya, su naɗe, su kai ma mai shi har ƙofar gida, ko a Fatakwal yake. Su cire ladansu, su turo maka naka."

Na ce, "To ni mi ne aikina?"

Ya ce, "Ka zauna ka ja carbinka."

Wannan sharaɗi ya yi mini daɗi. Ni da na riƙe alƙalamin kara kafin in riƙe biro, ajami ya fi zama a hannuna, rubutu a waya kuwa da yatsa ɗaya nake yin sa, ina yi ina salati. Abokina ne ya buɗe mana shagon, ya ɗauki hoton kwalba a kan farin ƙyalle, ya rubuta nauyinta. Sannan ya ja mini kunne a kan abu guda: abin da aka rubuta, shi za su tarar. Kowace kwalba nauyinta ya zama daidai da na 'yar'uwarta, domin da nauyin suke yanka kuɗin kai kaya, kuma da shi suke gane ba a taɓa kaya a hanya ba.

Na sayo ƙaramin sikeli. Ranar wata Juma'a da hantsi na zauna a ɗakin mahaifiyata, na auna kowace kwalba da kaina, ina ƙarawa ina ragewa kamar mai awon zinariya. Tana zaune a kan darduma tana kallona. Lokacin masallaci ya yi ban rufe su ba, sai na ce in na dawo zan ƙarasa. Da na dawo na tarar duk an murɗe masu murfi, an goge su, an jera a kwali. Na yi mata godiya, har ina jin daɗin ta karɓi sabon tsari. Muka manna wa kowace 'yar takardar nan mai layi-layi da na'urarsu ke karantawa, muka sa a mota. Azumi ya kusa, muna fatan kayan su shiga kasuwa kafin mata su fara sayayyar salla.

Bayan 'yan kwanaki sai ga kira daga siton. Wata ma'aikaciya ce. Ta fara da Turanci, da ta ji yadda nake lallaɓa nawa sai ta juya Hausa, irin ta mutanen kudancin Kaduna.

Ta ce, "Malam, an ajiye kayanka gefe. Ba za su shiga ba."

Na ce, "Subhanallahi! Malama, sun fashe ne?"

"Ko ɗaya. Nauyinsu ne bai yi daidai da abin da ka rubuta ba."

Nan fa na hau rantsuwa cewa ni ba mai tauye mudu ba ne, ni ɗan gidan malamai ne, da hannuna na auna. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ai ba wadda ta ragu. Duk sun fi. Sai dai kowace da nata ƙarin, wata kaɗan, wata da yawa." Ta ce za a dawo mini da su in gyara, kuma in aka sake samun haka za a dakatar da shagon.

Na shiga ɗakin mahaifiyata, na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Inna, ran nan da na tafi masallaci, ko an taɓa kwalaben nan?"

Ta ce, "Na sa masu gyara."

Haka ta faɗa, hankalinta kwance, kamar na tambaye ta ko ta sha ruwa.

Na ce, "Inna, ai an riga an auna."

Ta ce, "Kai ka auna abin da aka biya. Wa ka taɓa gani ya sai da turare ba gyara? Mutum shi ba ka kuɗinshi, ka miƙa mashi kaya cif-cif, kamar kuna gaba?"

"To don mi wata ta fi wata?"

Ta gyara zama. Ta ce da can in ta ga fuskar mai saye ta san abin da za ta ƙara. Yanzu an ce ba za ta ga kowa ba, shi ya sa ta riƙa ɗaukar kwalba tana ƙiyastawa. "Na ce wagga ta amarya ce, na ƙara mata. Wagga ta mai jego ce, ɗakinta na son hayaƙi, na cika mata. Wagga kuwa da gani ta matar mai hali ce, ita ma dai na ɗan yayyafa mata, kada ta ce mun yi rowa."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na yi mata bayanin na'ura da sikeli da dokar kamfani, na ce a wannan kasuwa ba a san gyara ba, sai dai mu haƙura da shi. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To a maido mani kayana. In ba gyara, ba ni ce mai sayarwa ba. Ka ba su haƙuri, na gode, Allah shi yi maka albarka." Ta juya ta ɗauki carbinta. Duk wanda ya san ta ya san an rufe magana ke nan.

Abokina da na ba shi labari sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya ce, "Malam, mi ne abin damuwa? Ka bari ta sa gyaranta, in ta shiga salla ka kwashe da cokali." Ba zan ɓoye maku ba, na yini ina juya shawarar, har na fara neman mata hujja irin ta masu ɗan karatu. Amma duk lokacin da na hango kaina tsugune da cokali ina satar kyautar mahaifiyata daga kwalbar baƙuwa, sai in ji kunya ta rufe ni.

Washegari na kira ma'aikaciyar nan, ba don ina sa ran komai ba, sai don in sanar da ita za mu rufe shagon. Ta tambayi dalili, na gaya mata gaskiya. Sai na ji tana dariya.

Ta ce, "Gyara! Mamana citta take sayarwa a kasuwar garinmu, in ba ta ƙara wa mutum ba ko barci ba ta iya yi. Malam, ai mu ba mu hana kyauta ba. Na'ura ba ruwanta da yawan abin da ke ciki. Ita dai su zama ɗaya. A jikin kwalba ka bar awon da mai saye ya biya, mu kuma ka rubuta mana nauyin gaskiya har da ƙarin. Amma fa gyara ɗaya ga kowa."

Na koma gida da saurina. Na ce, "Inna, an yarda da gyara, sai dai ba zaɓe. Wanda kika ba wannan, shi za ki ba waccan. Wanne za a ɗauka?" A raina ina addu'ar ta ce na matar mai hali, domin ni na san yadda itacen ya yi tsada.

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce, "Tunda an hana ni ganin fuska, ban san wadda zan tauye ba. A yi ma kowa na mai jego."

Mafi yawa ke nan. Na buɗe baki zan kawo maganar riba, ta ɗago ido ta dube ni, na mayar da shi na rufe.

Kafin kayan su dawo daga Legas, mu sake cika su, su sake komawa, azumi ya yi nisa, kasuwar salla ta kusa wuce mu. Wannan karon ita ta riƙe cokalin, ni ina kallon sikeli. Suka shiga sito lafiya. Ciniki bai zo da gudu ba. Yau a sayi ɗaya, a yi shiru, jibi a sayi biyu. Amma kafin babbar salla sai da ta sake ɗora tukunya, kuma ban ƙara jin maganar kifewa ba.

Abin da na koya bai da yawa. Da na ɗauka zamani da ɗabi'ar iyayenmu ba sa zama a inuwa ɗaya, dole ɗaya ya tashi. Ashe sau da yawa tambaya ce ba mu yi ba. Na kusa rufe sana'ar mahaifiyata, ko in ha'ince ta, a kan abin da kiran waya guda ya warware. Na kuma gane cewa wanda ke can bayan na'ura mutum ne, shi ma uwa ta haife shi.

Har gobe ribarmu siririya ce, kuma har gobe in na ga cokalin nan ya taho a cike sai zuciyata ta ɗan motsa, in yi istigfari. Ban taɓa ganin mai saye ya rubuto cewa ya lura da ƙarin ba. Ita kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Abin da take so kawai, in waya ta yi ƙara an sayi kwalba, in gaya mata garin da za a kai. In na ce Ilori, ko Maiduguri, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi raya mata." Ran nan na ce, "Inna, wannan mai sayen fa sunan namiji ne da shi." Ta ce, "To ai matarshi ce ta haihu."