Zira Magini da Ƙofar Asibiti

Zira magini ne, ɗan ƙabilar Higi, mai ƙarancin magana. A wata unguwa bayan kasuwar hatsi ta Mubi yake zaune, inda gidaje ke jingine da juna, kwata na bin ƙofar kowa. Da hannunsa ya ɗora bulon ƙaramin asibitin unguwar. Amma da aka gama gini, ma'aikata ba su zo ba, makulli ya tsaya a aljihun Alhaji Abdulƙadiri, shugaban kwamitin unguwa, dillalin wake. Kafin shekara ta zagayo, ɗakunan sun cika da buhunan wakensa.

A daminar da ta biyo baya naƙuda ta kama Alice, matar Zira, jini ya ɓalle mata da rana tsaka. Aka sa ta a keke napep za a kai ta babban asibiti, keken ya kafe a taɓo. Kafin a turo shi, rai ya yi halinsa.

Alhaji ya zo gaisuwa, ya ce, "Sai haƙuri, Zira. Kwana ne ya ƙare."

Zira ya dube shi kawai.

Daga nan ya shiga gyara katangun da ruwa ya rusa, gida-gida, ba ya karɓar lada. Tambaya ɗaya yake yi wa matan gida: wa kuka rasa a hanyar asibiti? Hajiya Fatime, mutuniyar Barno mai sayar da bandar kifi, ta ce jikarta. Ita ta tara matan Islamiyya, zumuntar matan coci kuma suka biyo Zira.

"Mu kai ƙara sakatariya," in ji Hajiya.

"Za mu kai, Hajiya. Amma sai Alhaji ya fara ɗanɗanawa."

Ya jira har wata takwas, ranar da hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun hantsi. Shi ya kafa ƙofar asibitin, don haka da guduma da kurfi ya cire ta ɗungurungum, kwaɗon na rataye a jikinta. Mata suka yi ta jan buhuna suna jibgewa a tsakiyar layi.

Alhaji ya iso yana haki, yayyafi ya soma. "Zira, don Allah ara mini tampol ɗinka!"

"Ina da shi, Alhaji. Ba zan ba ka ba."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Zira ya tsaya a ciki, yana kallon waken yana jiƙa, har buhunan suka fara kumbura. Bai ji sanyin da ya zata zai ji a ransa ba, amma bai matsa ba.

Hukuma ta tsare Zira kwana biyu. Matan suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sakatariya, suka ƙi tashi sai da aka sake shi, aka kuma yi alkawarin turo ma'aikaciya. Bayan mako uku Malama Mardiyya ta iso da akwatin allurar rigakafi. Unguwa ta tsige Alhaji daga kwamiti, ta naɗa Hajiya Fatime.

Liman da fasto sun zo tare don su sasanta Zira da Alhaji. Zira ya kawo musu ruwa, ya saurare su har ƙarshe, ya ce, "Na ji, iyayena." Har yau in Alhaji ya yi masa sallama, kai yake kawarwa. Yanzu haka yana bayan asibitin, yana kwaɓa siminti na ɗakin haihuwa.