Tandun Shef Sha'ibu

Duk Damagaram babu wanda ya naɗa Sha'ibu shef, wato ogan makanikai. Shi ya naɗa kansa, ya sa aka rubuta da jan fenti a ƙofar garajinsa na bayan tasha, garajin da bai wuce rumfar kwano da tulin tsofaffin tayoyi ba. Ka kira shi Sha'ibu kawai, sai ya yi kamar kurma. Ka kuskura ka ce masa ɗan mai tandu kuwa, ranar ka sayi faɗa.

Alhali ɗan mai tandun ne. Ubansa a Birni ya rayu ya mutu yana yin tandu, abin nan na fata da mata ke zuba man shanu. Yakan gina siffar da yumɓu, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, in ta bushe ya bubbuga yumɓun ya farfashe, ya zazzage. Ruwa ba ya shiga cikin tandu har abada, don fata in ta ji ruwa sai ta saki. Ɗan burbushin da ya rage, man farko ke kwashe shi. Sha'ibu ya sha ranƙwashi a kan wannan har ya zauna masa a hannu. Da ya tasa sai ya ce warin fata yana tayar masa da zuciya, ya gudu gyaran mota.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne. Wasu Turawa sun taɓa zuwa tafkin Gidimuni suna ƙera wa masunta kwalekwale da zaren gilashi, wani abu kamar auduga mai ƙaiƙayi, da ake shafe shi da ƙaro ya daskare kamar ƙashi. Aikin Sha'ibu a wurin riƙe bokiti ne, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya koya musu. Da tafkin ya janye Turawan suka tafi, ya kwaso ragowar zaren da gwangwanayen ƙaron ya jibge a garaji.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Uwarsa, Inna Shatu, tun rasuwar mijinta ta koma ƙauyensu can bayan Gidimuni, ta ce daga nan sai kabari. Yanzu rumbuna sun ƙare, mai gari ya aiko cewa in dawar agaji ba ta iso ba kafin kasuwar da ke tafe, gari zai watse. Wanda aka ba ɗaukar dawar shi ne Kyari, wani dattijon shofer da ke tuƙa tsohon kamiyo, babbar motar kaya mai iya keta rairayi. Damuwarsa ɗaya, ƙurar hanya tana shaƙe masa inji. Ya ga motocin Turawa da wani bututu da ya miƙe ta gefen gilashi har saman kai, inji yana shan iska daga sama. Shi ne ya zo tambaya.

"Hancin mota? Baba Kyari, ai ka zo gidansa," in ji Sha'ibu, mutumin da bai taɓa riƙe irinsa ba. "Uwata tana ƙauyen da za ka kai dawar, ka bar mini."

To, a kan me za a naɗa zaren? Bai tsaya tunani ba. Ya kwaɓa jan yumɓu, ya gina dogon bututu mai lanƙwasa, ya shanya. Ya bi shi da zare da ƙaro, ya ƙara, ya ƙara, yana susa yana yi wa masu kallo bayani da Faransancin da ko shi ba ya ganewa. Da ya daskare ya ɗauki sanda ya bubbuga, ya zazzage yumɓun. Duk tsohon da ya wuce ya san abin da idonsa ya gani, amma wa zai faɗa ya ja wa kansa zagi?

Kyari ya leƙa ciki ya ga ja-ja a lanƙwasar. "Shef, da sauran ƙasa. Ga ruwa a bidona, mu ɗauraye."

Sha'ibu ya fizge bututun kamar za a ƙwace masa ɗa. "Ruwa? A ciki? Haba Baba, so kake ka lalata mini aiki!"

Ka ji fa. Mutumin da ya ga kwalekwalen wannan zaren yana wuni cikin tafki, shi ne ke tsoron kofin ruwa. Ko da za ka tsare shi da wuƙa ba zai iya gaya maka dalili ba, jikinsa ne kawai ya ƙi. Bai tsaya nan ba. Da bakin bututun ya ƙi shiga tukunyar da ke tace wa inji iska, sai ya kwance tukunyar ya jefar bayan tayoyi. Kyari ya yi magana, ya ce masa, "Ƙura a ƙasa take, hanci yana sama. Me za a tace?" Lokaci ya ƙure, dattijo ya hau mota.

A kan kwalta lafiya lau. Sha'ibu yana bisa buhuna da baƙin tabarau yana ɗaga wa mutane hannu. Suna sauka kwalta bayan Gidimuni, gargada ta fara girgiza motar, yumɓun da ya maƙale ya riƙa sakowa, inji yana haɗiya. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu a wani kwari inda ko akuya ba ta wucewa. Kyari ya buɗe, ya sa yatsa, ya fito da jan taɓo. Ko kallon Sha'ibu bai yi ba, ya kama hanyar kwalta a ƙasa neman taimako.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, Shef yana zaune a inuwar taya yana gadin dawa. Washegari da hantsi ya hango mutane tafe, tsofaffi ne zalla. Gari ya watse. Masu ƙarfi sun cire ƙofofi sun yi kudu ta wata hanya, waɗanda suka rage ba mai iya jan guga a rijiyar garin, shi ne suka nufo Damagaram. Inna Shatu tana can baya, ta naɗe ƙafafunta da tsumma. Ga dawa tuli a gabansu, amma babu garin da za a kai ta.

Ta huta, ta sha ruwa, sai idonta ya kai kan bututun. Ta tashi ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta zura hannu ciki, ta murza jan burbushin a yatsunta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna." 

Fuskarta ta washe, abin da ba ta yi ba tun farkon farin. Ba ta san abin da ya kashe motar ba, ba kuma wanda ya iya gaya mata.

"Ashe ba ka yar da sana'ar gida ba. Ku zo ku ga tandu! Hannun ubanka sak, ko ɗigon ruwa ba ka bari ya shiga ba. Allah ya yi maka albarka."

Tsofaffin suka ce amin. A ɗakin bayan garaji ta ƙarasa kwanakinta, kuma duk baƙon da ya shigo gaishe ta sai ta sa an ɗauko bututun ta nuna masa.