Yatsan Inna a Injin Faks

Har gobe mutanen garinmu, can kusa da Gesheme, cewa suke imel ne ya hana matansu injin niƙa, wai ni da rawar kaina na ƙi faks na bi zamani. Ba haka aka yi ba. Faks ɗin da suke yabo shi ya kashe maganar, kuma abin da ba zan manta ba ke nan.

Lokacin ina aiki a wani siber, wato shagon kwamfuta da intanet, kusa da tashar motar garin Dutsi, bayan na bar lakkwal, wato makaranta. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ita ce shugabar ƙungiyar matan garinmu. Wani kamfani a Yamai ya yarda ya ba su injin niƙa, su biya a hankali bayan kaka. Guda ya rage, wani gari ma yana nema, don haka aka ce takardar yarjejeniya ta koma da sa hannun shugaba kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Matan da suka tsufa a bakin turmi, ka san yadda suka ɗora rai.

Ranar Juma'ar Inna ta iso shagon da hantsi bisa kabu-kabu. Ba ta rubutu, sai na kawo tawada ta dangwala babban yatsanta. Ta danna da ƙarfi har tana cije leɓe, tana cewa yau ta huta da taɓarya. Na ɗauki hoton takardar a na'ura, na aika ta imel. Ya fito tsaf, kowane zane na yatsan ana ganinsa.

Can sai mushen kamfanin, wato ma'aikacinsu, ya kira. Ya ce su ba su karɓar sa hannu ta imel, don ana iya yanko na wani a manna a kwamfuta. Faks kuwa yana zuwa da lambar wanda ya aiko da lokacin aikowa, shi ne shaidarsu. Da na yi shiru na ce to, da an wuce wurin. Amma ni ba a haife ni da shiru ba. Na ce masa faks ma ai hoto ne, sai dai hoto mai ciwon ido, kuma injin nasu ya girmi ubana.

"Madam, kin gama?" Abin da ya ce ke nan. "In kin gama, aiko faks."

Muka shiga cikin Dutsi neman faks, ni da Inna, cikin rana. Wannan buro, wato ofis, a ce nasu ya lalace, wancan a ce an yanke layin tun bara. Daga ƙarshe muka samu a wani ofis, aka kakkaɓe masa ƙura, ya ja takardar yana kuka kamar ɗan akuya. Ya fitar da shaidar cewa ta tafi. Ban kira na tambaya ko ta fito da kyau ba, don ba na son sake jin muryar mutumin. Shi ma bai kira ba. Inna ta koma gida, aka yi ta guɗa.

Ranar Litinin na buga don jin yaushe za a kawo injin. Ya ce a wurin sa hannu babu komai sai baƙin tabo, kamar an murƙushe ƙuda. Faks ba ya ɗaukar zanen yatsa, haɗe shi yake ya zama dunƙule. Na ce to ya buɗe imel ɗin mana, yatsan yana nan sarai. Ya ce wanda ake gani ba a karɓa, wanda ake karɓa ba a gani, kuma inji ya riga ya tafi wancan garin. Daga maganarsa na gane ya ga tabon tun ranar Juma'a. Kira ɗaya zai yi mu hau mota mu kai takardar da hannu. Amma wa zai wahalar da kansa don yarinyar da ta zage shi?

Da kaina na je na faɗa wa Inna. Na same ta tana sussuka. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta ajiye taɓarya, ta ɗaga yatsan tana kallo.

"Ashe ni ce, ɗiyata. Da mai rubutu suka naɗa, da yanzu ana niƙa."

Na rantse mata ba ita ba ce, ba ta ji ba. A taron da ya biyo ta ce a zaɓi wata, ita ta sauka. Wannan ya fi rashin injin yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, kafin a yi gardamar ta wace hanya takarda za ta bi, a fara duba hannun da zai sa mata alama, kuma wanda kayanka ke hannunsa ba a koya masa aiki ta waya. Na sayi allo da alli. Duk Lahadi zan riƙa zuwa garin, in zauna da Inna har ta iya rubuta sunanta, ko da haƙurin da ba ni da shi zai ƙare.