Ɗakin da Baba Ya Hana Sanyi

A shekarun nan da mudun gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi, Baba ya samu aikin gadin ƙarfen sabis da aka kafa kusa da ƙauyenmu, kan hanyar Ɗanbatta. Shingen waya ne, da janareto, da tankin dizal, da wani ɗan ɗaki na ƙarfe cike da na'urori. Albashin nan shi ya riƙe gidanmu daga shuka har girbi. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune, aikina kai masa abincin rana.

A ɗakin akwai esi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ne abin da Baba ya kasa haɗiyewa. Mutane na gasuwa cikin bazara, mai ya yi tsada, ga ɗaki ba kowa a ciki ana ƙona masa dizal don ya sha iska. Makunnin yana waje jikin bango. Sai Baba ya taimaka wa kamfani ba tare da sun roƙe shi ba: da rana ta take, janareto ya fara nishi, sai ya kashe esin, ba zai kunna ba sai bayan la'asar. Kullum yana auna tankin da kara yana murna.

Sai sabis ya fara iskanci. Daga azahar magana ta riƙa yankewa, tiransifa ta maƙale, a lokacin da takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Gari ya yanke hukunci: mai gadi na sayar da dizal. Aka aiko cewa injiniya zai zo daga Kano, in laifin na mai gadi ne ya kwashe tabarmarsa.

Ranar na iso da kwanon tuwo na tarar da injiniyan, wani matashi mai gilashi, ya leƙa tanki ya ga man ya fi yadda ya zata. Ya buɗe ɗakin, zafi ya mare shi kamar tanda.

"Baba, esin nan ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau, Injiniya. Ni na kashe. Wa ke ciki?"

Injiniyan ya cire gilashi ya goge. Ya jona wani akwatin awo, ya kira mu. Baba ya ce, "Zo ki ji, ke da kika yi boko."

A allon akwatin akwai zane kamar ido mai lumshewa, gefensa duk gashi-gashi. Ya ce saƙon da ke bin waya daga ɗakin nan zuwa Kano ƙwaya-ƙwaya yake tafiya, ko i ko a'a, da saurin da ba ya ƙirguwa. Kowace ƙwaya da ɗan gurbin lokacinta. Na'urar da ke karɓa tana duba tsakiyar gurbin ne kawai. In agogon da ke turo su ya yi zafi sai ya fara rawa, wata ƙwaya ta yi sammako, wata ta makara, mai karɓa ya duba ya tarar da gefen maƙwabciyarta, ya karanta i a wurin a'a. Abin yana da suna a Turance, ya faɗa, ban riƙe ba. Ya yi ta bayani har na ga Baba ya fara kallon tuwonsa.

Na gaji na ce, "Baba, lugude ne. Mata biyu a turmi ɗaya suna daka a hankali, ko ɗaya ta ɗan makara ba komai. Su zama uku, su ƙara wuta, makarar ƙiftawar ido sai taɓare su gwabza, hatsi ya watse."

"Ni na taɓa daka?"

"Ai ka taɓa cin tuwon."

Injiniyan ya ce haka ne, kuma ɓarnar ba a hankali take ƙaruwa ba. In rawar kaɗan ce, sai a daɗe ba a yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ƙaru da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kurakurai su zubo har na'ura ta gaji da gyara ta saki layin. Ya kunna esi, muka zauna. Kafin la'asar idon nan ya buɗe tangaran a gabanmu.

Baba ya kalli allon ya ce, "Wato ƙarfe ma bai son wahala."

Injiniyan ya fito da takardar rahoto ya tsaya yana juya biro. "Baba, me zan rubuta?"

"Rubuta gaskiya, ɗana. Ka ce ni na kashe, kuma ka ce musu su leƙa tankinsu. Wata uku ina..."

"Baba, don Allah yi shiru," in ji ni. Na juya ga injiniyan. "Malam, wa ya taɓa gaya masa ɗakin nan ba ya son zafi? An ba shi tocila da sanda aka ce ya hana ɓarawo. Ɓarawo ya shigo?"

Ya kalle ni ta saman gilashi. "Hajiya, ke ya kamata a ɗauka aikin."

"Ku ɗauke ni mana. Ina zaune."

Ya yi dariya, bai ɗauke ni ba. Abin da ya rubuta, na karanta ta kafaɗarsa: makunni yana waje ba kariya, an same shi a kashe. Bai ce wa ya kashe ba. Bayan mako aka zo aka yi wa makunnin keji da kwaɗo, aka tafi da mukulli Kano.

An bar Baba a aikinsa. Ni kuwa kwana huɗu bai amsa gaisuwata da kyau ba, saboda na ce ya yi shiru a gaban baƙo.