Goron da Baba Bai Fasa Ba

A kakar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, muna tsakar gidanmu na Roni muna tsinkar gyaɗa, Yaya Hajara ta yi sallama da goyo a baya, ba ko ƙunshin kaya. Daga gidan mijinta a Gwiwa ta taho a ƙasa. Idonta na hagu ya rufe don kumburi. Inna ba ta tambaye ta komai ba, ta karɓi ɗan, ta ɗora ruwan zafi.

Ni murna na yi, don ƙuruciya. Na sami mai yi mini kitso da mai raka ni rijiya. Da safe mu soya gyaɗa, ita da Inna su matse mai, ni ina mulmula ƙuli-ƙuli ina satar na bakin kasko. Da la'asar ta zauna a ƙofar ɗaki tana gyara mana waƙar gaɗa, tana cewa muryarmu kamar ta zabi. Sai da na girma Inna ta faɗa mini ba duka kaɗai ba ne, mijin yakan tilasta mata kwanciya da shi ko tana jego, ko tana kwance ba lafiya.

Ana nan sai ga biko. Ƙanen uban mijin ya zo da wasu dattawa, suka ajiye ƙullin goro a tabarmar zaure. A garinmu in uba ya ɗauki goron nan ya fasa, magana ta ƙare, gobe 'ya ta koma. Yaya na bayan zana, ta riƙe hannuna har ya yi zafi. Dattawan suka ce a yi haƙuri, kowace mace haka take zama. Baba ya saurara har suka gama, sannan ya ce, "Malam, mata na ba shi, ba jaki ba. Ku ɗauki goronku."

Washegari ya goya Yaya a keke zuwa Kazaure. Alƙali ya sa aka kira maƙwabtanta, ya ji shaidarsu, ya ce shari'a ba ta yarda da zaman cuta ba, ya raba auren.

Yaya ta sake aure, ta tsufa da dariyarta. Bara Allah ya karɓi abarsa. Yanzu an ce dokar ƙasa ma ta hana dukan mace, ga kotu kusa, ga babur ko'ina, amma ina ganin 'ya'yan maƙwabta suna zuwa da kumburi, ana mayar da su kafin magariba. Mu dai Allah ya ba mu uban da ya iya cewa a'a.